Asibitin kuɗi na masu ciwon damuwa da muka kai autanmu, da zancen sirotonin da ake ta yayi

Bari in fara da hukunci kafin surutu ya ɗauke ni. Likitan wajen ya san aikinsa, kuma yana da haƙurin sauraro irin wanda ban saba gani ba a garin nan, amma ɓangaren karɓar mutane da ɗakin maganinsu sai dai a hankali, kuɗinsu kuma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. In maki zan bayar toh 7 cikin 10, kuma mafi yawan makin na likitan ne shi kaɗai. Asibiti ne ɗan ƙarami a ɓangaren Nasarawa a nan Kano, gida ne aka mayar asibiti, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafin da zan yi kuma ba tozarta kowa na zo yi ba.

Wanda muka kai autanmu ne, shekararsa 23, ya gama digiri ya yi bautar ƙasa ya dawo gida yana ta tura takardu shiru. Yaron da in Kano Pillars na wasa ko ana kallon ƙwallon Ingila ba ka isa ka same shi a gida ba, sai ga shi ya daina fita majalisa, abokai su zo su yi ta sallama yace a ce ba ya nan, abinci sai Hajiya ta tsaya a kansa, bacci kuma ƙarfe uku na dare idonsa biyu har a kira assalatu, duk ya rame wando na zamewa. A gida kowa da fassararsa, Hajiya tace sammu ne, kawunmu yace rashin tawakkali ne da son jiki irin na yaran yanzu, an yi ruƙiyya an sha rubutu an yi hayaƙi. Abin da ya sa na daina jiran kowa shi ne ranar da ya kalle ni yace, Yaya, ni fa da babu ni da duk kun huta. Ba kuka yake ba, ba faɗa aka yi ba, haka kawai ya faɗa a sanyaye kamar yana ba ni labarin wani.

A tsakanin nan ne wata maƙwabciyarmu ta turo min tallan wata mai sayar da kaya a WhatsApp, wata ƙwaya a roba mai kyau an rubuta 5-HTP, wai ƙwayar farin ciki, wai duk mai ciwon damuwa wani sinadari ne mai suna sirotonin ya ƙare a ƙwaƙwalwarsa, in ya sha wannan sati ɗaya ya dawo daidai ba sai an je wajen likitan mahaukata ba. Ban saya ba amma maganar ta zauna min a kai, har na tafi asibitin da niyyar in ce a gwada mana a ga nawa ne ya rage masa.

Karɓar mutane dai ita ce ta fara ɓata min rai. An ba mu ƙarfe goma, ba mu ga likita ba sai da aka idar da azahar, kuma ba wanda ya zo yace ku yi haƙuri ga dalili. Wannan ma da sauƙi, mun saba. Abin da ya fi ci min rai yarinyar da ke kan tebur ce ta ɗaga murya a gaban mutane tace, su waye na ganin likitan ƙwaƙwalwa, alhali akwai masu jiran likitan hawan jini da masu awo a falo ɗaya. Auta ya sunkuyar da kai, wallahi na zaci tashi zai yi ya fice, kuma da ya fice ban san ranar da zan sake shawo kansa ba. A garin da in aka ce za a kai ka Dawanau, wato asibitin masu tabin hankali, zagi ne, ya kamata mai zama a wannan kujerar ta san cewa lamba ake kira ko suna a hankali. Wajen kam tsaf yake, akwai sola, fanka na aiki, bayan gida da ruwa, akwai ɗan wajen sallah na mata daban. Kuɗin buɗe fayil da ganin likita na farko sun cinye min abin da nake cefanen kusan sati biyu da shi, ana karɓar tiransfa.

Da muka shiga sai komai ya canza. Likitan dattijo ne haka, Hausarsa tas, ya gaida Hajiya da girmamawa yace Hajiya sannu da ƙoƙari, ba laifin tarbiyyarki ba ne, kuma wannan kalmar kaɗai na ga ta sauke mata wani nauyi. Ya saurare mu, bai yi dariyar zancen sammu ba, yace addu'a ku ci gaba da ita, ba ta hana magani, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sannan yace Hajiya, Yaya, ku ɗan ba mu waje, ya zauna da auta su biyu kusan awa guda. Daga baya auta ya nuna min takardar da suka cike tare, tambayoyi 9 ne, ana ce mata PHQ-9, duk a kan sati biyun da suka wuce, bacci, cin abinci, gajiya, jin kai ba ka da amfani, kasa tattara hankali, kowacce ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ta ƙarshen ita ce ko kana jin gara ka mutu ko tunanin cutar da kanka. Kuma likitan bai tsaya a takarda ba, ya tambaye shi kai tsaye, ka taɓa tunanin kashe kanka, ka shirya wani abu, me ya riƙe ka zuwa yanzu.

Gabana ya faɗi da na ji, nace likita wannan tambayar ba za ta sa masa abin a rai ba kuwa? Yace Yaya, tambaya ba ta shuka wannan tunanin, an yi bincike a kai ba sau ɗaya ba, wanda abin ke ransa yana ransa tun kafin ki tambaya, abin da ke cinye shi shi ne ba wanda zai faɗa wa ba tare da an ce masa a'uzubillahi ka yi istigfari an tashi an bar shi ba. Wannan ta shige ni, don mu a nan da mutum ya furta sai mu jawo masa ayar Suratun Nisa'i mu rufe zancen, ayar gaskiya ce ba musu, amma shi ya santa tun yana Islamiyya, kuma sanin nata ma na cikin abin da ke sa shi jin shi mugun mutum ne.

Ya kuma tambayi abubuwan da ban yi zato ba. Ko yana shan tiramol ko kodin ko wiwi, ko akwai lokacin da ya taɓa yin kwanaki ba bacci amma yana jin ƙarfi, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, ko a dangi akwai mai irin wannan. Yace ta biyun nan muhimmiya ce, don akwai ciwon da ke hawa da sauka, wani lokaci damuwa wani lokaci zumuɗi, in aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura shi. Ya tura mu gwajin jini a duba ƙarancin jini da kuma aikin halittar nan ta wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, don in ta yi sanyi tana kawo kasala da baƙin rai sak na ciwon damuwa. Duka sun fito lafiya.

Toh sai na kawo tawa, nace likita a haɗa da gwajin sirotonin mana. Ya yi murmushi yace babu wannan gwajin, duk wanda ya karɓi kuɗinki yace zai auna miki sirotonin ɗin ƙwaƙwalwa da jinin hannu ya cuce ki. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji ake yin sa, yana aikin motsa ciki, wani kuma ƙwayoyin jini masu sa jini ya daskare ne ke ɗauke da shi, kuma wanda ke yawo a jini ba ya ƙetarawa ƙwaƙwalwa, akwai shinge. Ita ƙwaƙwalwa nata take haɗawa da kanta, a wani ɗan gungu can ƙasa wajen da ta haɗu da laka, daga wani sinadari mai suna tiriftofan da ke cikin abinci irin su ƙwai, madara, nama, gyaɗa da wake. Daga wannan ɗan gungun jijiyoyi ke bazuwa ko'ina, shi ya sa yake da hannu a bacci, cin abinci, sha'awa, fushi, da iya danne zuciya.

Abin da ya sa na ba shi makin da na ba shi kenan, bai sayar min da labari mai daɗi ba. Yace zancen cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne hasashe ne da masana suka kawo tun wajen 1967, wani likitan Ingila Alec Coppen na cikin waɗanda suka fara faɗa, kamfanonin magani kuma suka ɗauka suka yi talla da shi bayan fitowar wani maganin damuwa mai suna Prozac a Amurka a ƙarshen 1987, har ya zama kowa ya haddace. Na je na karanta da kaina daga baya don ni ba na barin abu a rabi, kuma haka ne. A 2022 wata farfesa a Landan, Joanna Moncrieff, da abokan aikinta suka tattara binciken shekaru da yawa suka ce ba su ga tabbatacciyar hujja ba cewa masu ciwon damuwa sirotonin ɗinsu ya gaza na sauran mutane. An ma gwada rage wa masu lafiya tiriftofan da gangan don sirotonin ya sauka, akasarinsu ba su kamu da ciwon ba. Wasu masanan sun yi mata raddi mai zafi kan yadda ta tace binciken, har yanzu ana ja, amma ko masu raddin ba sa cewa lissafin mai sauƙi ne irin na mai tallar WhatsApp.

Sai nace toh in haka ne maganin na mene ne? Nan ma amsar ta gamsar da ni. Yace rashin sanin takamaiman yadda magani ke aiki daban, ko yana aiki daban. A 2018 an fitar da wani babban nazari a mujallar Lancet, an haɗa gwaje-gwaje 522 na mutane sama da dubu 116, magungunan damuwa 21, kuma dukkansu sun fi ƙwayar bogi da ake ba wasu don kwatance, sai dai fifikon matsakaici ne ba na mamaki ba, kuma a wani babban bincike na Amurka kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya warware da maganin farko, sauran sai da aka canza ko aka ƙara. Yadda ya kwatanta mana aikin maganin ya ba Hajiya dariya, yace jijiya na zuba sirotonin a ɗan tsakanin da ke tsakaninta da ta gaba, sai ta yi maza ta janye abinta, kamar mai shayin da ke ɗauke kofi tun ba ka shanye ba, shi maganin hannun mai shayin yake riƙewa. Amma abin lura, wannan riƙewar cikin awoyi take faruwa, sauƙin kuwa sai an yi sati biyu zuwa shida, wanda ke nuna ba yawan sinadarin ne kaɗai zancen ba, akwai wani gyara da ƙwaƙwalwa ke yi a hankali wanda har yanzu ana bincikensa.

Ɓangaren kashe kai shi ne ya fi ɗaukar hankalina, don a nan ne alaƙar sirotonin ta fi ƙarfi, abin mamaki. A 1976 wata likita a Suwidin, Marie Asberg, ta auna ruwan laka na masu ciwon damuwa, tana neman wani saura da sirotonin ke bari bayan jiki ya gama da shi, ana ce masa 5-HIAA. Ta ga waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi yawan yunƙurin kashe kansu. An maimaita irin wannan a wurare da dama, har a mutanen da ba ciwon damuwa ke damunsu ba, shi ya sa masana da yawa ke ganin abin ya fi alaƙa da saurin aikatawa da kasa taka wa zuciya birki a lokacin da abu ya yi zafi, ba baƙin cikin kansa ba. Amma fa wannan a kan taron mutane ne, ba wanda zai huda bayan ɗanka ya ɗebi ruwa ya ce maka zai yi ko ba zai yi ba, ba a amfani da shi a asibiti. Likitan ya ƙara da cewa magungunan da aka fi samun hujjar suna rage kashe kai, irin su lithium ga masu ciwon hawa da sauka da clozapine ga masu wani nau'in tabin hankali, ba su ne waɗannan na sirotonin ɗin ba ma. Hukumar lafiya ta duniya na cewa sama da mutum dubu 700 ke rasa ransu ta wannan hanyar duk shekara, kuma a ciki akwai bashi, akwai mutuwar aure, akwai ƙwaya, akwai ciwo mai tsanani, akwai kunya, akwai rashin aiki irin na auta. Ni dai a nawa ganin wanda ya tattara duk wannan ya ce sinadari ɗaya ne, ko bai sani ba ko kaya yake son sayarwa.

Maganin da ya rubuta fluoxetine ne, 20mg, ƙwaya ɗaya da safe bayan karin kumallo. Kuma ya zaunar da mu ya yi mana gargaɗin da na tabbata a kemis ba mai yi maka. Yace satuttukan farko su ne na sa ido, musamman ga wanda bai kai 25 ba, hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kwalin irin waɗannan magungunan tun 2004 saboda yara da matasa, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 24, don a wasu ƙalilan tunanin cutar da kai na iya ƙaruwa a farko, ko mutum ya ji wani irin rashin natsuwa ya kasa zama waje ɗaya. Don haka na sati biyu kawai ya rubuta, yace maganin a hannun Hajiya zai zauna ita za ta dinga ba shi, kar a bar shi ya dinga kwana shi kaɗai a shagon waje, ya koma cikin gida, kuma duk wani abu mai haɗari da ke gidan a kawar da shi a sa a makulli ba tare da an yi shela ba. Na ɗauka wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne, sai yace a Siri Lanka hana sayar da wasu magungunan ƙwari masu tsananin guba kawai ya sa yawan masu kashe kansu ya faɗi ƙasa da rabi, don sau da yawa lokacin tsananin gajere ne, in ya wuce mutum na raye toh akasari yana ci gaba da rayuwarsa.

Na nuna masa hoton robar 5-HTP ɗin. Yace abin ba ƙarya ba ne ɗungurungum, daga 'ya'yan wani tsiro ake samunsa da ke fitowa a nan Afirka ta Yamma wajen su Gana, kuma jiki na mayar da shi sirotonin, amma binciken da aka yi a kansa ƙanana ne ba su isa a dogara da su ba, sannan haɗa shi da fluoxetine haɗari ne. Haka tiramol, wanda mu a Kano mun san yadda ya yi katutu a hannun matasa, shi ma yana ɗaga sirotonin, in aka haɗa sai abu ya yi yawa, zazzaɓi, gumi, karkarwa, tsoka na fizga, zuciya na gudu, mutum ya rikice, wannan na gaggawa ne ba na jira gari ya waye ba. Har wasu magungunan tari ya ce a tambaya kafin a sha. Ashe shi ya sa ya nace da tambayar ƙwaya tun farko, ba zargi ba ne.

Yadda ta kaya mana, kwanakin farko tashin zuciya da ciwon kai, baccin ma ya ƙara lalacewa, auta yace Yaya wannan abin ƙara min yake, Hajiya ta fara cewa a bari. A nan ne ƙorafina na biyu, kuma shi ne babba. Sun ba mu lambar waya suka ce a kira kowane lokaci, na kira daren Asabar har na gaji ba a ɗaga ba, na tura saƙo sai Litinin da hantsi aka amsa. Alhamdulillahi abin bai kai ga gaggawa ba, amma da ya kai fa? Asibitin da ya san satin farko ne na haɗari bai kamata lambarsa ta yi shiru ranar hutu ba, ko dai a sa nas mai riƙe wayar ko a gaya wa mutane gaskiya cewa ba ma aiki da dare. Na faɗa wa likitan ido da ido, ya karɓa bai kare su ba, yace in aka shiga irin wannan halin kar a tsaya jiran waya, a wuce ɓangaren gaggawa na babban asibiti kai tsaye, Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya na da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma na Dawanau, kuma kar a bar mutum shi kaɗai ko na minti kaɗan ne har a isa.

Tashin zuciyar ya lafa da kansa. Wajen sati na huɗu abin da na fara lura da shi ba fara'a ba ce, wanka ne, ya fara wanka ba a ce ya yi ba, ya je aski, ya nemi a ɗumama masa tuwo da safe. Shi da bakinsa yace ba wai yana jin daɗi ba ne, kawai dai nauyin da ke danne masa ƙirji da asuba ya ragu. Ya kuma faɗa wa likita wani abu da ya ji kunyar faɗa a gabana, daga baya na gane zancen raguwar sha'awa ne, wanda sananne ne da irin wannan maganin, masu aure su sani tun wuri su tambaya, akwai yadda ake yi, ba a daina sha a ɓoye ba.

Akwai kuma mai zaman tattaunawa, wata matashiya da ta karanci halayyar ɗan Adam, kuɗinta daban duk zama. Aikinta na da kyau, ba nasiha take yi ba, takarda take ba shi ya rubuta abin da zai yi gobe awa bayan awa ko da ba ya jin yi, da kuma tunanin da ke zuwar masa irin ni ba ni da amfani, sai su zauna su bi shi ɗaya bayan ɗaya a ga ina hujja. Ita ta sa ya fara bin ɗan kawunmu shago a Kantin Kwari yana riƙe masa littafin lissafi, kuma ni a ganina wannan fitar ta yi aikin da bai gaza na ƙwayar ba, ko da yake ba zan iya raba muku wanne ya yi wanne ba tunda tare aka yi su. Matsalarta ɗaya Turanci ya yi mata yawa a baki, ranar da ta kira Hajiya zaman iyali rabin maganar sai da na fassara, ga dattijuwa ta zo da zuciya ɗaya tana son ta gane ciwon ɗanta.

Ɗakin maganinsu kuwa ban ba kowa shawara ba sai in dole. Farashin ya kusa ninka na babban kemis ɗin da nake saye a unguwarmu, kuma da muka koma suka ba mu na wani kamfani daban, kala daban, ba wanda ya yi bayani, auta ya tsorata ya zaci an canza masa magani don ciwon ya ƙaru. Ku karɓi takardar likita ku saya a kemis mai rajista wanda akwai mai ilimin haɗa magani a ciki, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar a saya a hannun masu tebur ko a intanet.

Wani abu da na yaba, sirri. Da yawa ba su sani ba, a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa sashe na 231 ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, kuma wannan na cikin abin da ke sa iyalai ɓoyewa su ƙi zuwa asibiti. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba marasa lafiya haƙƙoƙi ciki har da na sirri, masana kuma na ta kira a cire wancan sashen. Likitan ya gaya wa auta ƙarara cewa abin da ya faɗa a ɗakin nan ba mai ji, sai in ransa na cikin haɗari, a nan ne kawai zai sanar da mu kuma zai fara gaya masa kafin ya yi. Har yau akwai abubuwan da suka tattauna da ban sani ba, na tambaya likitan yace Yaya ki yi haƙuri, wannan tsakanina da shi ne, na ji haushi a lokacin amma saboda haka ne yaron ke yarda ya koma.

Wa zan ce ya je? Wanda ke da halin biya kuma yake gudun cunkoso ko yake tsoron a gan shi, ya je, ya nemi ganin babban likitan da kansa, ya roƙi a ba shi lokacin farko da safe, ya kuma rubuta tambayoyinsa a takarda don in an shiga mantawa ake. Wanda ba shi da hali kar ya zauna a gida don bai da kuɗin nan, asibitocin gwamnati da na ambata suna da likitocin wannan fannin kuma magungunan iri ɗaya ne, layi ne dai sai an yi sammako. Kuma a shirya wa doguwar tafiya ta fuskar aljihu, don likitan yace ko an ji sauƙi sai an ci gaba da sha aƙalla wata shida kafin a fara zancen ragewa, kuma a hankali ake saukewa da saninsa, ba rana ɗaya a ce an warke a jefar ba, in ba haka ba jiri da rashin bacci na iya biyo baya, shi kansa ciwon damuwar ma na iya dawowa. Hajiya ta tambayi azumi, yace tunda sau ɗaya ne a rana sai a mayar da shi lokacin sahur, amma a zo a gan shi kafin watan ya kama a daidaita, kuma wannan zuwan ma sai an biya kuɗin ganin likita cikakke, ba ragi ga wanda ya dawo bibiya, wanda ni a ganina ya kamata su duba.